Sarkin Kuka a Gindin Kuka

Kaka ta zo Yamai a shekarar da sojoji suka karɓi mulki. A bayan kamiyo, babbar motar kaya, aka kawo ta daga wajen Tawa, ita kaɗai, da tabarma da buta. Mu haihuwar Yamai ne, ba a taɓa kai mu ƙauye ba, don haka ranar muka fara ganin mahaifiyar Baba. Mun ga manya suna shigowa gidanmu na unguwar Talladje suna gaisuwa ƙasa-ƙasa, amma a shekarar fari wane gida ne ba a gaisuwa? Baba kuma ma'aikacin biro ne, wato ofishin gwamnati, ya ja mana kunne cewa zancen yunwa ba na bakin yara ba ne, balle yanzu da rediyo ke ta kiɗan soja.

Da ta ɗan murmure, sai ta mai da gindin murhu wurin zamanta. Bayan isha'i, in an sauke tuwon jar dawar taimako, Inna takan bar mata garwashi. Ta miƙe ƙafafu ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa," mu ce ta shigo, sai tatsuniya ta fara.

A wurinta na koyi riƙe abu a ka. Wata rana na dawo daga lakwal, makarantar boko, ina kuka don mushe, malaminmu, ya dake ni a kan wata waƙar Faransanci da na kasa haddacewa. Kaka ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta kama hannuna ta zagaya da ni gida. Baitin farko ta ce in ajiye shi a bakin zaure, na biyu in jefa shi cikin randa, na gaba in ɗora shi kan akuyar maƙwabta in ɗaura mata kallabi. Ta ce abin da ba shi da wurin zama ba ya kwana a kai, abin da ya ba ka dariya kuwa ko ka kore shi ba ya tafiya. Washegari na bi gidanmu a zuci, na kwashe baitocin ɗaya bayan ɗaya a gaban aji.

Tatsuniyoyinta sukan canza da yadda ta ga dama, ban da guda ɗaya. Ita ce ta wata tsohuwar kurciya da ta tashi neman ruwa kudu tare da abokan tafiya masu sunaye na ban dariya. Sarkin Kuka, wanda bakinsa ba ya rufuwa, da suka iso wata kuka mai rassa kamar ƙahon sa, sai ya ce ya sami gidan sarautarsa, ya kwanta gabas da ita inda inuwa ke faɗuwa da la'asar, ya yi shiru. Ƙafar Zomo, yarinyar da ba a cim mata a guje, ta riga kowa isa wani jan dutse mai siffar sirdi, ta ɓuya a bayansa ta wajen arewa, har yau ba a gano ta ba. Mai Farar Ƙwarya kuwa, da ta kai rijiya mai baki biyu kusa da babbar hanyar mota, ta kife ƙwaryarta a gindin aduwa ta ce a nan za ta jira su. Kurciya ta ƙarasa bakin kogi ita kaɗai.

Kowane zango da ɗan waƙarsa, muna tafi muna amshi. In wani ya ce yamma maimakon gabas, Kaka takan tsai da mu da wata murya da ba mu san ta da ita ba, a koma farko. Har ta kai mu ke faɗa, ita tana saurare da ido a rufe.

Ranar da abin ya faru, Baba bai dawo daga masallaci ba. Ni ke ba da tatsuniyar, ƙannena suna amshi, sai muka ji dariyar namiji daga zaure. Wani dogon mutum ya shigo da jaka a kafaɗa. Baba Idi ne, ƙanen Baba, wanda ya daɗe yana aiki a tashar jirgin ruwa ta Abijan. Ya biya ƙauye ya tarar da kango, aka ce masa mutanensa sun nufi Yamai. Saƙon da Baba ya aika masa ta bakin wani direba bai taɓa isa ba.

Ya durƙusa ya gai da Kaka, yana murmushi ya ce, "Har nan kika biyo iyalina da sunayen nan naki? Ina Sarkin Kukan? Ya daina kukan?"

Sai ya juyo yana duba mu a hasken garwashi, fuska bayan fuska. Ya kai ƙarshenmu, ya sake farowa. Ya leƙa ɗakin Inna. Inna ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a baki.

Kaka ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Rabi, faro masa daga farko. Kada ki tsallake komai."

Na fara, don ban san abin da zan yi ba. Babu mai tafi. Ina isa wurin kuka mai ƙahon sa, jakar ta sulluɓe daga kafaɗarsa, zannuwa da ƙananan takalma suka zube ƙasa. A nan na gane abin da bakina ke faɗa. Amma kalmomin suka ci gaba da fitowa da kansu a jere, dutse bayan kuka, rijiya bayan dutse. Ɗansa na goye, 'yarsa, matarsa. Watanni muna rawa da su a tsakar gida. Da na kai bakin kogi, Baba Idi yana zaune a ƙasa yana maimaita innalillahi, ƙanena yana tambaya me ya sa ba a yi amshi ba.

Inna ta yi fushi da Kaka sosai, abin da ban taɓa gani ba. Washegari na ji tana ce mata, cikin ladabi, yaya za a sa yara su yi wasa da mamata. Kaka ta ce yunwar hanya ta ci mata kai har surorin salla suna kuɓuce mata, ta ji tsoron ta ruɗe ko ta mutu kafin Idi ya zo. Ta ce da hannunta da na baƙin hanya aka binne su, ba wanda ya san wuraren duka sai ita. "Da na ce musu kaburbura ne, da sun toshe kunne."

Baba Idi ya zaunar da ni na yi ta maimaita masa har ya riƙe, sannan ya kama hanya. Da ya dawo ya ce ya sami kukar, an zage ganyenta kaf, da ɗan tudun a gabas. Mutanen rijiyar sun tuna da tsohuwar, suka nuna masa aduwar. A bayan jan dutsen yashi ya shafe komai, ya tsaya inda tatsuniya ta ce ya yi addu'a. Kaka ba ta ƙara ba da wannan tatsuniyar ba, mu ma ba mu roƙa ba.

Yau ni ma malamar lakwal ce, na kusa ajiye aiki, kuma har yanzu ban yanke hukunci tsakanin Inna da Kaka ba. Abin da ta ɗora mana ya yi wa yara nauyi, amma ya kai mutum inda 'ya'yansa suke kwance. Abin da ke damuna dabam ne. Da na girma na tambayi Baba sunayensu na yanka, waɗanda Kaka ba ta saka a waƙa ba. Ya faɗa mini sau ɗaya muna cin abinci. Yaron Musa, yarinyar Hajara. Na mahaifiyarsu ya ɓace mini, kuma babu sauran wanda zan tambaya.