Wasan da Yaya Ilu Ya Ƙaga

Ni ba na son a ce mini "ai wasa ne kawai." Duk wanda ya faɗa mini haka nakan dube shi in yi shiru, don in na buɗe baki sai mun ɓata. Na ga abin da wasa ya ci a gidanmu, a wani ƙauye gabas da Guci, zamanin Nasara, ina yarinya ko ɗaurin ƙirji ban fara ba.

Kakarmu, uwar babanmu, Iya muke ce mata. Da an gama girbi, sanyi ya fara shigowa, sai ta sa a jawo mata kututture a hura wuta a ƙofar ɗakinta bayan an ci tuwo. Mu jikoki mu kewaye ta, 'ya'yan maƙwabta su biyo sawu. Ta tura gyaɗa cikin toka, ta ce duk wanda ya kai hannu kafin gatana ta ƙare ba shi da rabo. Gatana muke cewa, abin da mutanen Kano ke kira tatsuniya. Haƙoran Iya sun daɗe da yi mata sallama, amma muryoyin da ke bakinta sun fi na kasuwar Guci yawa. In ta yi muryar kura, ƙanana sai su shige cikin zanenta, alhali daga jikin mai zanen kurar ke fitowa.

Akwai wata gatana da muka fi roƙo. Zaki ne ya so a haƙa masa rijiya, ya aiki kura ta karɓo ɗa guda daga kowane gida. Kura ta riƙa bi ƙofa ƙofa tana kuka. Iya takan lanƙwashe wuya, ta ja hanci, ta ce, "Wallahi ba ni ba ce, aiko ni aka yi. Da ina da iko da ɗana zan bayar." Amma gidan da aka ajiye mata ƙashi a bayan ƙofa, sai ta wuce shi kamar ba ta gani ba. Har ta isa gidan bushiya. Ɗan bushiya ya ɗaga kai ya ga ruwa yana zuba daga haɓarta, ya tambaye ta, wannan hawaye ne ko yawu? Kura ta ce masa ita ma ba ta sani ba, ya matso kusa ya duba mata. Nan Iya ke tsayawa. Ba ta taɓa faɗa mana ko ya matsa ba, sai ta ɗauki tsinke ta fara tono gyaɗa. Mu kuwa dariya muke yi, don ba mu da hankali.

A wannan lokaci na shekara ne samari ke shirin wasan kara. Ga wanda bai san shi ba: in an kawar da gero daga gona, samari su ɗebo kara su sassaƙa rawani da takobi da bindiga da hular Nasara, har da tabarau. Ranar wasa su fito dandali, wannan ya zama sarki, wannan alƙali, wancan kumandan, Baturen mulki na Magariya, da tafiyarsa ta raƙumi. Manya su zauna su kalli kansu. Al'adar kuwa a bayyane take, kowa ya tashi ya same ta: abin da aka yi ranar wasan kara ba a riƙe shi. Wanda aka kwaikwaya, in ya yi dariya a gaban jama'a ya miƙa goro, magana ta mutu ke nan.

Samarin unguwarmu ba sa kai sabon abu dandali sai Iya ta gani. Da gatana ta ƙare sai su shigo suna tura juna, su tsaya a ɗaya gefen wutar su gwada. Ba ta da sauƙi. Wani Mati ya kawo wasan mai awon gyaɗa da ke danne sikeli da ɗan yatsan ƙafa, ta yi dariya har da tari, sannan ta ce masa ya yi tsawo, ya yanke wutsiyar, mutum ba ya dariya sau biyu kan abu ɗaya. Wani ya kwaikwayi mai gishiri na arewa, ta ce rigarsa ya aro bai aro muryarsa ba, ya koma kasuwa ya saurara. In abu bai yi mata ba sam, sai kawai ta shiga gyara itacen wuta. Samari sun fi tsoron wannan gyaran itace da zagi. Amma in abu ya yi kyau, sai ta kira yaro da sunansa da sunan uwarsa, ta ce ya maimaita, kuma gobe a bakin rijiya duk mata sun ji cewa ɗan wance ne ya ƙaga shi.

Yayana Ilu shi ne babba a ɗakinmu, dogo, marar yawan magana a cikin mutane. Iya angonta take ce masa, irin wasan kaka da jika, shi kuma yana ce mata ta tsufa zai sake ta. Shekarar da nake ba ku labari, aikin tilas ya yi tsanani. Kumandan ya aiko, sarki ya aiko wa maigari, maigari ya bi gidaje ya zaɓi waɗanda za su tafi fasa dutse a hanyar arewa. Wasu sukan dawo ƙashi da fata, wasu ba sa dawowa. Kowa kuma ya san gidajen da ba a taɓa tsayawa a ƙofarsu, ya san dalili.

Wata maraice Yaya Ilu ya shigo shi kaɗai, da rawanin kara da ni na taya shi ɗaurawa, da sanda. Babu mai ganga, babu 'yan rakiya. Ba a taɓa yin haka ba, wasan kara na taro ne. Ya tsaya, ya yi gyaran murya, sai muka ji muryar maigarinmu sak. Ya yi sallama a ƙofar da babu ita, ya gaisa da maigidan da babu shi, ya fara rantsuwa yana share ido cewa ba shi ba ne, aiko shi aka yi. Ya matsa gaba, ya tsaya, ya karkata kunne kamar ya ji kukan rago a bayan danga, ya ce a'a, wannan gida ai yaransu duk marasa lafiya ne, Allah ya ba su sauƙi. Mutum ɗaya ne a gabanmu, amma sai da muka ga gari guda. Muka yi dariya har ƙanena ya faɗa kan tulu.

Sai ya sake salo. Ya zauna a ƙasa, ya cire rawanin ya ɗora a cinya, ya zama maigari ya koma gida ba kowa. Ya yi magana a hankali, shi da kansa, kan ranar da kumandan ya tsayar da shi cikin rana a Magariya tun hantsi har la'asar, talakawansa suna wucewa suna kallo, da yadda gwiwarsa ke rawa duk sa'ad da ya hango jar hular dogarin kumandan. Ba kalmominsa ba ne waɗannan, ni dai ma'anar nake ba ku. Babu wanda ya yi dariya. Wutar ta ci ta kusa mutuwa, Iya ba ta taɓa itace ba.

Da ya gama ta dube shi. Sannan ta ce, "Angona, kurata ka sace."

Ya ce, "Aro na yi, Iya."

Ta ce, "Ni tawa ba ta da zuciya. Kai ka sa wa taka. Tun da nake ban ga wasa irin wannan ba. Kada ka rage ko kalma."

Babanmu ya ji labari, hankalinsa bai kwanta ba. Ya ce a bar kura a matsayin kura, ko a tsaya a wurin ragon. Iya ta fatattake shi. Ta ce ita ta ga an kwaikwayi uban wannan maigari da gurguwar ƙafarsa, ya yi dariya ya ba da riga. Ta ce wasan kara ya girmi maigari, ya girmi kumandan, kuma abu mai kyau irin wannan ba a yi shi don a ɓoye a bayan ɗakin tsohuwa ba. Baba ba ya musu da uwarsa.

Ranar wasa dandali ya cika, har daga ƙauyukan kewaye. Na ga mata suna riƙe ciki, na ga tsofaffi suna dukan cinya. Maigari yana zaune a kan buzunsa, ya fi kowa dariya a wurin ragon, har rawaninsa ya karkace. Da aka zo wurin zaman ƙasa, mutane suka riƙa satar kallonsa. Murmushin yana nan a fuskarsa bai gushe ba. Da aka gama ya kira Yaya, ya ba shi goro cike da hannu, ya ce Allah ya yi albarka, kowa ya ji.

Ba a yi nisa ba aka fara raɗe-raɗin za a sake ɗibar mutane. Kawunmu, ƙanen innarmu, ya zo daga wajen Babura a ƙasar Ingilishi, ya ce a ba shi Ilu ya tsallaka da shi, tafiyar ba ta da nisa, ya zauna can har abin ya lafa. Samari da yawa haka suke yi. Innarmu har ta ɗaure masa kaya. Iya ta hana. Ina jin muryarta har yau:

"Ya yi dariya, ya ba da goro a gaban jama'a. Gudu yanzu zagi ne, kamar mun ce ba ɗan halak ba ne."

Aka kwance kayan. Kawu ya koma shi kaɗai.

Da safe suka zo, maigari da mai jar hula. Gidanmu ya riga ya ba da nasa a ɗibar da ta wuce, ɗan baffanmu, kuma bisa yadda aka saba ba a komawa gida ɗaya a jere. Maigari ya tsaya a ƙofa, bai yi kuka ba, bai yi rantsuwa ba, ya kira sunan Ilu kawai. Iya ta fito ba mayafi, ta tuna masa goron. Ya ce da ita, cikin ladabi, ai wancan wasa ne, ya wuce, wannan kuwa aikin Nasara ne, ba ruwan wannan da wancan. Maƙwabta suna tsaye a bakin dangoginsu, waɗanda suka yi dariya har da hawaye, waɗanda 'ya'yansu ke maimaita kalmomin Yaya a hanyar rijiya. Ko tari babu wanda ya yi. Ban yafe musu ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

Yaya bai dawo ba. Mati ne ya dawo bayan damina, shi ma an ɗebe shi, ya ce zawo ne ya kashe shi a can, aka rufe shi a gefen hanya. Ya ce har ya kwanta yana kwaikwayon kafaran, wato kofur ɗin da ke tsaronsu, mutane na dariya a ɓoye. Iya ta saurara, ta shiga ɗaki. Da sanyi ya dawo an hura mata wuta kamar kullum, muka kewaye ta, ta zauna tana kallon garwashi. Ba ta sake yin gatana ba har ta rasu. Samari kuma in sun zo da sabon wasa sai ta ce su kai wa wanda ya san abin da yake yi.

Na daɗe ina jin haushinta. Sai da na girma na gane ba wauta ta yi ba. Idonta bai yi kuskure ba, wasan ya kai yadda ta faɗa. Abin da ba ta lura ba shi ne al'adar da ta dogara da ita ta mutanen da ke jin kunyar juna ce, maigarin kuwa ya daina jin kunyarmu tun ranar da ya fara tsoron wani fiye da mu. Kuma ina zaton ragon bai dame shi ba, ai kowa ya sani. Rawar gwiwar ce ba zai iya yafewa ba. Yaya ya tausaya masa a gaban jama'a, shi kuma ya fi son a zage shi.

Yanzu a Magariya nake, na tsufa. Yara 'yan lakwal, wato makarantar boko, da samarin gari suna yin wasan kwaikwayon da suke kira teyatur, kuma ba na bari ya wuce ni. Jikokina suna ce mini Hajiya mai son kallo. Wasu wasannin shirme ne, wasu sun yi tsawo, amma akan sami yaro ko yarinya da za su tsaya su kaɗai su cika fili da mutane. Irin waɗannan nakan jira su a bayan fage in tambayi wa ya ƙaga, in kira sunan da ƙarfi, in ce ya yi kyau. Abin da na gada ke nan daga Iya.

Wata rana mai gabatarwa ya ce yanzu za a kawo wani tsohon wasa na gargajiya, na kaka da kakanni, ba a san mai shi ba. Yaro ya fito da rawani da sanda, ya yi sallama a ƙofar da babu ita. Nan take na gane wasan Yaya ne. Ya yi kukan, ya yi ragon, fili ya kece da dariya, sai ya rusuna ya fita. Nan suka tsaya.

Na bi shi baya da sandata. Na ce masa wasan nan yana da mai shi, sunansa Ilu, yayana ne, kuma ba nan ya ƙare ba, akwai sauran da ya fi duka. Yaron mai ladabi ne. Ya durƙusa, ya ce don Allah Hajiya a faɗa masa, zai haddace, gobe ma zai yi shi.

Na buɗe baki. Na tarar babu komai. Ina ganin Yaya zaune a ɗaya gefen wutar, rawani a cinyarsa, bakinsa yana motsi, amma ko kalma ɗaya ba na ji. Yaron ya yi ta jira a durƙushe, har abokansa suka kira shi su kwashe kujeru.