Na gyara jif, na rasa fasinja

Jama'a, yau na ga abin da ya fi ƙarfina!

Tun da na ƙara wa jif ɗina tsayi saboda yashin hanyar Sule Tankarkar take karkarwa, har haƙora na haɗuwa. Jiya na kai ta Gumel wajen Danladi makaniki. Ya leƙa ƙasa ya ce, "Farfela ce, sandar da ke juya tayoyin baya, ta karkace." Muka wuni a rana, ya cusa wasu siraran ƙarafa tsakanin sifirin da gadar baya mai riƙe da tayoyi, ya daidaita ta. Mota ta koma lumui!

Yau kasuwar Maigatari. Na ɗauko Inna Dije daga ruga da gorunan nononta, kamar kullum. Muna isa ta buɗe gora ta leƙa, ta rafka salati.

"Yaro, me ka yi wa motar?"

"Gyara na yi, Inna."

"Ɓatawa dai! Da, kafin mu iso mai ya taso. Yanzu wa zai kaɗa min?"

Ashe jijjigar nan ce ke fitar mata da man shanu!

Da yamma ina kallo ta ja sauran matan rugar, suka hau tsohuwar akori-kurar wani direba Sale, mai jijjiga kamar me.

Ni kam na gaji.