Ranar da na zama likitan albasa

Ko da tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ranar da aka haska ƙaryata a bangon firamare za ta rage. Ni na jawo wa kaina, ba na ɗora wa kowa.

Wata Dakta ce ta zo daga jami'a tana bincike a ƙauyukan da ke tsakanin Bodinga da Shagari. Tambayarta ɗaya ce: idan albasar manomi ta kamu da ciwo, wurin wa yake zuwa neman shawara? Na gama sakandare, ina da babur, sai aka ɗauke ni cikin masu cike takardu. Ta nuna mana a kwamfuta yadda kowane manomi zai zama ɗigo, duk wanda ya ambaci wani sai a ja zare daga shi zuwa wancan. Wanda zaren ya fi taruwa a kansa, ta ce, shi za a kai Sakkwato horo na mako guda, a ba shi sabon iri ya raba wa mutane, domin ta bakinsa magana ta fi saurin yaɗuwa.

Ni dai "mako guda a Sakkwato" kawai na ji. Otal, fanka, shinkafa da kaza.

Kwana biyu ina aiki tsakani da Allah. Kusan kowa sunan mutum ɗaya yake faɗi: wani tsoho mai gyaran injin ban ruwa a bakin hanya, wanda manoma ke zama wurinsa suna jiran gyara suna hira. Rana ta uku, a gindin wata bishiyar bedi, na ce a raina, tsohon nan ina shi ina otal? Na goge sunansa na sa nawa. Na ga ƙasa ba ta tsage ba, sai na ƙara. Ɗan tela ne ni, ban taɓa dasa albasa ko ɗaya ba, amma kafin mako ya ƙare na zama malamin manoma a takarda.

Bayan wata guda Dakta ta tara mutane a wani aji, ta haska zanen a bango. Ɗigo-ɗigo da zare kamar saƙar gizo, babu suna sai lamba. Ga wani ƙaton ɗigo a tsakiya kamar faifai. Na gyara hula.

"Wa kuke ganin wannan ne?" ta tambaya.

Ajin gaba ɗaya ya juya ga tsohon, yana can baya da baƙin mai a hannu.

"Takarda ba haka ta ce ba," in ji ta. "Mai ɗigon yana nan, ya san kansa."

Da ina da hankali da na zauna. Na tashi.

Kowa ya juyo yana kallona. Sai wani dattijo, ƙanen mahaifiyata, ya ce, "Kai ɗan tela? Yaushe anka yi haka ba mu sani ba?" Ya fita, ya dawo da albasa biyu da ganyensu, ya miƙa mini. "To, Malam, duba muna. Wacce ta ba ta da lahiya?"

Na juya su, na shinshina, har na ɗaga su wajen taga kamar mai duba takardar asibiti. Na ce ta dama tsutsa ta kama ta, ta hagu kuma ruwa ya yi mata yawa.

"Subhanallahi," in ji kawu. "Yanzu niƙ ƙwaƙulo su ga gonata, lahiyarsu lau. Ashe su biyun duk muna shirin rasawa!"

Dariya ta ɓarke, har wani ya faɗo daga benci. Dakta ba ta yi dariya ba. Ta taɓa kwamfuta, zanen ya rabu gida biyu. A ƙauyukan da sauran ma'aikata suka zaga, babu mutum ɗaya da ya ambace ni, duk zare wurin tsohon ya nufa. A nawa ƙauyukan kaɗai nake sarki. Har mutanen da ban taɓa gaisawa da su ba sai ranar cike takarda, na sa sun zama almajiraina. Ashe tun ranar da ta haɗa takardun ta gane, ta bari ne in faɗa da bakina.

Abin da ya fi dariyar ƙona ni shi ne tsohon. Ya ce, "Ku ƙyale shi. In tahiya yaka so, ya tai, ni injunan mutane na jirana." Dakta ta ce ba tafiya ce damuwarta ba. Da irin ya shiga hannuna, da ya ruɓe a ɗakina, ƙauyuka da dama su rasa shi a shekarar, don ba mai zuwa wurina.

Sai da na sake bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya ina gyara abin da na ɓata. Ko'ina na yi sallama sai in ji, "Likita ya iso, a kawo mara lahiya!" Har yau wasu haka suke kirana a kasuwa, ina amsawa.

Tsohon ya tafi horonsa, ya raba irin a bakin hanya. Ni kuwa na koyi cewa mutanen da ke zuwa wurin mutum ƙafafunsu ne ke kai su, kuma biro ba ya iya juya su. Allah ya yafe mini.