Mai Yatsa da Manhajar da Ta Ƙi Tashi

A asibitin kowa Mai Yatsa yake ce masa, har manaja. Gajere ne, da hula mai ɗan karkacewa da makullai goma sha ɗaya a ƙugu, alhali ƙofa ɗaya yake buɗewa: ta ɗan ɗakin bayan sashen kati, inda babbar kwamfuta take.

A cikin kwamfutar nan akwai manhajar da ke ba marasa lafiya lambar layi. Waɗanda suka ɗora ta sun tsara ta riƙa tashi da kanta duk lokacin da kwamfuta ta kunnu, ba sai mutum ya taɓa ta ba. Ita kuwa ta ce ba da ita ba. Sai ta yunƙura, ta yi daƙiƙa talatin, ta faɗi. Amma idan Mai Yatsa, wanda a lokacin masinja ne, ya shiga da sunansa ya danna ta sau biyu, sai ta miƙe garau.

Aka ce ya riƙa dannawa kafin a gyara. Shekara tara ke nan.

Dannawar ta zama aiki, aikin ya sami kujera da fanka. In wuta ta ɗauke ta dawo, sai ka ji ana cigiyarsa a lasifika kamar likitan tiyata. Shi kuma ba ya gudu. Yakan ratsa layi yana hura wa yatsansa iska, yana cewa, "Ku yi haƙuri, jama'a, ba ta son gaggawa." Injiniyoyi uku ya kora da labarin cewa manhajar ta san hannu.

Ta huɗun ce ba ta koru ba, don 'yar ƙanwarsa ce.

"Kawu, matsa in ga rahoton kwamfutar."

"Wane rahoto? Ni ne rahoton. Tambaye ni."

"To, me ya sa take faɗuwa?"

"Hali. Kowa da halinsa. Ke ma da kina ƙarama ba kya tashi sai an yayyafa miki ruwa."

Ta ja kujera ta buɗe inda kwamfuta ke rubuta duk abin da ya same ta. Layi ɗaya ne ke ta maimaituwa tun daga sama, shekara tara, babu wanda ya taɓa leƙawa.

"Kawu, ka ga ƙorafinta. Cewa take an hana ta buɗe fayil ɗin saitinta. Ina fayil ɗin yake?"

"Ina na sani? Ni da ganin fayil sai na kwali."

Ta gano shi a cikin kwamfutar, a jakar ajiyar fayilolin Mai Yatsa, tsakanin hotonsa na fasfo da takardar neman hutu. Ranar da aka ɗora manhajar, da sunansa aka shiga, don shi kaɗai ya tuna kalmar sirrinsa. In ta tashi da kanta ba ta da izinin shiga jakar wani. In shi ya danna, da izininsa take shiga.

"Minti biyar ne gyaran," in ji ta.

Mai Yatsa ya tashi ya tura ƙofa. Muryarsa ta sauka.

"'Yar nan, ni na kai ki makaranta ranar farko, a kan kafaɗata. In abin nan ya tashi da kansa, ni kuma in tashi in je ina? Ba abin da na iya sai wannan."

"Kawu, jiya wata tsohuwa ta yi awa biyu a tsaye don ka je aski."

Ta mayar da fayil ɗin inda ya dace, ta ba manhajar izini, ta kashe kwamfuta ta kunna. Can waje injin lamba ya yi ƙara, ya tofo takarda. Mai Yatsa ya sa hannunsa a aljihu.

Da aka kira manaja, sau biyu ya sa aka kashe aka kunna. Fuskarsa ba ta saki ba.

"Yanzu wa ya tashe ta?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe. Da kanta."

"To, ran da ta ƙi fa? Wa zan kira in yi wa faɗa? Shekara tara, duk ran da layi ya tsaya, na san sunan da zan rubuta wa na sama. Yanzu so kike in rubuta nawa?"

Mai Yatsa ya gyara hula. "Abin da nake ta nuna mata ke nan, ranka ya daɗe. Yaran yanzu ba su san aikin ofis ba."

Washegari aka buga sabon fom. Kullum da safe Mai Yatsa yakan buɗe ɗakin, ya tsaya ya ga manhaja ta tashi da kanta, ya sa hannu cewa ya gani. An ƙara masa makulli ɗaya, na durowar da ake ajiye fom ɗin. Yana gaisawa da 'yar ƙanwar tasa, amma ya gaya wa uwarta kada ta kuskura ta bar ta ta taɓa mata rediyo.