Ɗan Fari a Ɗakin Haya

Duk ranar da aka kwance huhun goro kusa da ni, ƙanshin jiƙaƙƙen ganyen nan ya bugi hancina, ba goron nake tunawa ba. Muryar wata tsohuwa nake ji, murya mai kaushi kamar ana jan buhu a kan siminti. Kakata ce, uwar mahaifina. Ta daɗe a ƙasa, amma a bana na san abin da ta yi mini, kuma yadda na sani ɗin bai yi mini daɗi ba.

A Agege aka haife ni, bayan layin dogo, a irin gidan hayar nan mai dogon lungu, ɗakuna suna kallon juna. Ɗaki uku ne namu na Hausawa, sauran duk Yarbawa. Mahaifina goro yake ɗorawa a mota zuwa Arewa. Ita tsohuwa motar goron ta biyo ta zo ganin jika, da niyyar ta yi arba'in ta koma. Ba ta koma ba. A nan aka binne ta.

Ni ɗan fari ne. In kai ɗan yanzu ne, bari in gaya maka abin da wannan yake nufi a gidanmu. Uwata ba ta kiran sunana. Ba ta kallon idona, ba ta yi mini wasa, ba ta yi mini magana. Kunya ce, kuma yabonta ake yi a kai. In ta gama tuwo sai ta fuskanci bango ta ce, "A ce wa wancan ya zo ya ɗauki nasa." Ba ƙi ba ne. Sau da yawa in na tona tuwon sai in tarar da tsoka a ƙasa, wadda ƙannena ba su samu ba. Amma baki dai, babu.

Bakin yana wurin tsohuwa. Da hantsi take shimfiɗa buhu a ƙofar ɗakinta, a zube mata goro ta zauna tsincewa, ni kuma a ajiye ni tsakanin ƙafafunta. Matan gidan sun ce tun ban iya zama ba take yi mini haka, da tsumma take tokare ni. Daga nan har azahar ba ta rufe baki. "Kai mijin banza, wanda ba ya cefane, buɗe ido ka ga aiki. Wannan fari ne. Wannan ja. Wannan ƙwaro ya ci shi, ya ruɓe kamar haƙoran kakanka." Ta sa mini a hannu in ji sanyinsa, ta kai mini hanci, ta ɓare shi a kusa da kunnena in ji ƙas ɗin.

Tana da wata mugunta. Sai ta ɗaga jan goro ta ce, "Ga fari tas." Ta yi shiru tana kallona. Ba za ta ci gaba ba. In ta ga ban tanka ba ta sake, "Fari ne mana, ko ba haka ba, maigida?" Har sai haushi ya kama ni na yi ihu, "Ja!" Sai ta riƙe baki wai mamaki, ta kira matan lungu su zo su ga mijinta ya ƙaryata ta a gaban jama'a. In kuwa na nuna ƙuli-ƙuli da yatsa, ta ce ita ba ta jin yaren yatsa, tsufa ya cinye mata ido, sai dai in faɗa. In na faɗa a karkace ba ta dariya, ba ta ce ban iya ba. Sai ta maimaita daidai, ta ƙara wani abu a kai: "Ƙuli-ƙuli? Ƙuli-ƙuli mai gishiri kake so? Ungo."

Da damina, in ruwan Legas ya tsuge kwanon rufi yana ƙara kamar za a tashi duniya, kwata ta cika ta shigo lungu, sai ta ja buhun zuwa ciki ta yi mini tatsuniya da rana tsaka. Aka ce mata ba a tatsuniya da rana. Ta ce ita da dare barci take yi. In jirgin ƙasa ya wuce gidan yana rawa, ta tambaye ni me ya ce, ina za shi, wa ya ɗauka. Ni ne mai ba da amsa, ko ƙarya ce ta karɓa. Ga kuma Iya mai koko, Bayarbiyar da ke ɗakin da ke kallon namu, ita ma ba ta raga mini. Kafin a kai ni makarantar allo ina iya rashin kunya da harshe biyu.

Wata damina tsohuwa ta kwanta ciwo. Na yi wayo lokacin, har ana aikena. Ina tsaye a bakin ƙofa, uwata tana durƙushe tana ba ta magani, hannunta biyu duk a cike. Sai na ji uwata ta ce, "Kai. Zo ka riƙe mata kofin." Wallahi waiwayawa na yi in ga da wa take. Babu kowa a bayana. Tsohuwa tana kwance da zazzaɓi amma sai da ta yi dariya har ta yi tari. An daɗe ana ba da labarin nan a gidan ana dariya. Ni ma dariya nake yi, har bana.

Yanzu ni mahauci ne, gashina ya yi fari, gwiwa ta fara ba ni labari. Mai ɗakina ta rasu ta bar mini 'ya mace tana ƙarama. Lokacin uwata ta koma ƙauye bayan rasuwar mahaifina, sai na kai mata yarinyar, a hannunta ta girma. Ta taso da natsuwa, kowa yana cewa ta ɗauko kunyar kakarta. Ta auri wani yaron kirki ɗan garin, mai tuƙa okada, ya kawo ta Ikorodu ya kama musu ɗaki. Suka haifi namiji. Nakan gan shi da Sallah, yaro shiru-shiru, ba kuka ba ƙiriniya.

Ran nan ina mayanka surukin nawa ya bugo waya. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, dama ranar Juma'a wanzami zai zo ya yanke wa yaron nan linzami." Wato 'yar tsokar nan ta ƙarƙashin harshe. Ya ce yaro ya wuce shekara uku ko "Baba" bai taɓa cewa ba. An yi rubutu ya sha. Wata Bayarbiya ta ba shi ruwa a cikin ƙararrawa, irin maganinsu, ya sha. Shiru. Mutanen ƙauye sun ce ko harshen ne a ɗaure, ko kuma bebe ne, a haƙura.

Ban jira Juma'a ba. Washegari na bar wa abokin aikina teburi na hau danfo, motar hayar Legas.

Ɗaki ɗaya ne a ƙarshen lungu, ƙofa a rufe, labule a sake. Mijin yana fita tun asuba, sai bayan isha'i yake dawowa. Ita ba ta jin Yarbanci, ba ta jin Turancin kasuwa, kuma ya ce mata kada ta shiga harkar maƙwabta, Legas ce. Ta yi murna da ganina, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Yaron yana zaune a gefen katifa da tsohuwar waya a hannu, wasu 'yan tsana suna tsalle suna waƙa da Turanci.

Na ce bari in zauna in gani. Na zauna. Ta yi wanke-wanke. Yaron ya taso ya ja zanenta ya nuna randa da yatsa, ta ɗebo ruwa ta miƙa masa fuskarta tana kallon wani wuri. Ya sha ya koma. Ta yi masa wanka tas, ta shafa masa mai, ta sa masa riga mai kyau, duk a shiru kamar ana shirya gawa, Allah ya kiyaye. Na fita na yi azahar na dawo. Ta zuba masa shinkafa, na ga ta tura masa naman ƙasa-ƙasa yadda ba zan gani ba. Aka kira la'asar. Tun hantsi har zuwa lokacin, ban da fankar da ke kuka da wayar nan, ba abin da ya yi magana da yaron.

Ni mutum ne da nake yini cikin jini. Na ga sa ya tsinke igiya ya tattake mutum. Amma ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi kamar a ɗakin nan ba.

Na ce, "Ke, yaushe rabon da ki yi masa magana?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushin kunya. "Haba Baba. Ɗan fari ne fa."

"To wa ke yi masa?"

Ta kalli wayar.

Na ciro alewa na ba shi. Ya zaro harshe yana lasa har yana taɓo haɓarsa. Harshen da za a sa wa aska ke nan.

Na jira mijin ya dawo. Ya durƙusa yana kallon ƙasa ya ce ai an riga an yi wa wanzami magana, ba daɗi a ce ya fasa. Na ce masa wanzami yana da aska, ni ma ina da wuƙa, kuma tawa ta fi tsawo. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Da safe muka kai yaron asibiti. Wata ma'aikaciya ta duba bakinsa ta ce harshe lafiya. Aka gwada kunne, yana ji sarai. Ta ce akwai yaran da jinkirinsu na wani ciwo ne, don haka a riƙa dawo da shi tana gani. Amma kafin nan a rage masa waya, a yini ana yi masa hira, a riƙa faɗa masa sunan duk abin da ya taɓa, in an tambaye shi a yi shiru a jira shi, a bar shi cikin yara. Ina tsaye ina jinta, ƙanshin ganyen goro yana dawo mini a hanci. Da kuɗinmu da layinmu muka je aka karanta mana abin da tsohuwa take yi a kan buhunta.

Na roƙi mijin ya ba ni aron su zuwa Agege na ɗan lokaci. Har yanzu a gidan nan nake, lungun yana cike da mata da yara. Ni ba mai surutu ba ne, kowa ya sani. In na dawo daga mayanka ba na son ko gaisuwa mai tsawo. Amma na sayi goro, na shimfiɗa buhu a ƙofar ɗaki, na ajiye shi tsakanin ƙafafuna. "Kai abokin banza, mai cinye mini nama, ga fari, ga ja." Matan lungu suna leƙe suna dariya, wai Baba mahauci ya zautu. Yaron kallona kawai yake yi. Ya yi kukan waya har muryarsa ta dushe. Na ɗaga ja na ce fari, na jira, ba komai. Gobe haka, jibi haka. Akwai ranar da na shiga bayi na tsaya ina tunanin ko mun makara.

Sai wata rana da yamma jirgi ya wuce, na ce, "Me ya ce?" Ya tura baki ya ce, "Kuu." Ba kalma ba ce, na sani. Amma ni na tambaya, shi ya amsa. Bayan nan "ruwa" ta fito, a karkace. Sannan "ja". Yanzu yana da 'yan kalmominsa, yana haɗa biyu wani lokaci. Sa'o'insa a lungun suna ba da labari tiryan-tiryan, shi yana bin su a baya. Ban san ko zai kamo su ba. Muna komawa asibiti.

Uwarsa ce ta fi wuya. Na zaunar da ita na ce, "Kunyar nan da kika gani a wurin kakarki, ni aka yi wa ita. Amma lokacin akwai tsohuwa a ƙofar ɗaki, akwai Iya mai koko, akwai mutum a kowane lungu. Ke a Ikorodu wa kike jin kunya? Fanka?" Ta yi ta hawaye tana cewa bakinta ne ba ya buɗuwa, nauyi take ji. Na ce nauyin askar wanzami ya fi.

Shekaranjiya da safe ina ɗaura takalmi, ta dama koko. Na ji ta yi gyaran murya sau biyu. Sai ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Kai. Zo ka sha koko."

Yaron ya waiwaya bayansa ya ga da wa take.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ni da na waiwaya ina yaro, bakina cike yake da magana, wata ta riga ta cika mini shi. Shi ba shi da kowa a bayansa sai bango.

Na ce mata, "Sake faɗa. Ki kalle shi."

Ta durƙusa daidai tsayinsa. "Da kai nake. Koko. Zo."

Ya tsaya yana kallon bakinta, ya daɗe, kamar yau ya fara ganin yana motsi. Sannan ya tako.

Yanzu in na hau danfo na ga layin ɗakunan haya, daga nan har Alaba Rago, ƙofofin da ke rufe nake kallo. Samari suna ta zuwa daga ƙauye da amarensu, kowa da ɗakinsa ɗaya da wayarsa, ba wanda ya taho da tsohuwa. Wata mai zuwa 'yata za ta koma ɗakinta. Na ce wa mijin ya cire labulen nan, ƙofa ta yini a buɗe, in ya dawo ko a gajiye yake ya tambayi ɗansa me ya ci. Na ɗaure musu goro a jiƙaƙƙen ganye, ja da fari. Na gaya mata goron ba na ci ba ne, na hira da yaron ne.