Gonar Da Aka Bari Tsirara

Wata rana, Talata 16 ga Yuli, 2019, an yi ruwa da asuba, gari ya waye shiru babu ko iska.

Malama Zinatu ta tsaya a gonar da ta gada wurin mahaifinta.

Shekara shida ke nan da ta karɓe ta daga hannun yayanta Haladu. Shi yana shuka wake mai yaɗo tsakanin kunyoyin dawa, yadda Baba yake yi. Ita kuwa, da takardar shaidarta ta ilimin noma, ta ce wannan noman mutanen da ne. Ta sa aka tuge waken, aka zuba masara zalla.

Haladu ya tattara kayansa. Ya ɗauki tulun irinsa ya koma wani ƙauye mai nisa, inda ko kiran waya ba ya shiga.

Yanzu ƙasar ta yi fari fat. Ƙuduji ya cinye masarar. Bana ma in ta ƙi, sai dai a sayar da gonar.

Tana riƙe da ƙulli biyu na iri, gyaɗa da waken soya, tana tunanin wanda zai farfaɗo da ƙasar, sai ta ga wani dattijo tsugune a bakin kunya. Ba ta ji zuwansa ba.

Ta gaishe shi. Bai ɗago ba.

"Baba, wanne ya fi dacewa da nan?"

"Duka suna ciyar da ƙasa, 'yata. Amma wannan tsirara take. Mai rufe ta take so, mai yaɗo."

"Ina zan samu irinsa?"

"Wurin wanda kika kora."

Ba ta gaya wa kowa a garin nan cewa korarsa ta yi ba.

Ta sunkuya ta ajiye ƙullin. Da ta ɗago, babu kowa.

Ƙasar jiƙe take. Sawunta na nan, daga bakin hanya har inda take tsaye.

Nata kaɗai.

Ta yi addu'a, ta nufi mota.

A jakarta akwai wasiƙar ban haƙuri da ta rubuta wa Haladu shekara huɗu da suka wuce. Ta ƙara layi ɗaya: "Yaya, ka zo da tulun."

Kafin azahar ta saka ta a gidan waya.

Darasi: Kafin ka tuge abin da ka tarar, tambayi wanda ya shuka shi me yake rufewa.

Tura wa ɗan'uwan da ka daɗe ba ka nema ba.