Ɗan Wanzami a Romi

Ana sallame sallar asuba ranar Laraba muka bar garinmu, ni da wani abokin karatuna, kowa da ambulan ɗinsa a cikin riga kamar laya. Fom ɗin neman tallafin karatu ne ya fitar da mu. Jami'a ta ba ni gurbin karatun likita, amma a gidanmu babu mai iya saya mini ko littafi ɗaya. Na cike fom tsaf, saura abu guda: sai babban ma'aikacin gwamnati ya sa hannu ya buga hatimi cewa ya tsaya mini, a kuma kai shi ofis a Kaduna kafin a tashi aiki ranar Juma'a. In ya wuce, sai baɗi.

Fijo mai cin mutum bakwai aka cusa mu, mu goma, har da wata tsohuwa mai kajin da suka yi ta tsattsagar wandona. Direban ya san kowane rami da ke kan kwalta, amma bai kauce wa ko ɗaya ba. Da muka iso Kaduna, daga tashar Kawo muka hau bas, a tashar kuwa kowa ya bi layi ƙyam, don ga soja can tsaye da bulala. Da muka hau gada na leƙa kogin Kaduna, na ga ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba, sai na ƙara dafe ambulan ɗina.

A unguwar Makera muka sauka wajen kawuna, ma'aikacin masaƙa. Mun isa daidai lokacin da jiniya ta yi kuka, ma'aikata suka ɓarko a kan kekuna, kowa da ɓurɓushin auduga a kai. Gidan haya ne mai ɗaki goma sha biyu da famfo ɗaya, Katsinawa da mutanen kudancin Kaduna duk a tsakar gida guda, hira kuma ba ta wuce zancen rage ma'aikata. Shinkafa da waken bakin titi ta ninka kuɗin ta garinmu, ga ta ba auki. Matar maƙwabcin Kawu, wata Kirista mai fara'a, ita ta cece mu da gwaten acca mai zafi. Ban taɓa ci ba, amma sai da na suɗe kwanon.

Ranar Alhamis muka nufi Romi, inda wani Alhaji ɗan garinmu, babba a wata ma'aikata, ya gina gida. Unguwar rabi gidajen bulo ne rabi gonakin masara, hanyar kuma jar laka ce zalla. Sai da muka yi awa uku a kan benci kafin a ce mu shigo. Ya duba fom ɗin abokina, ya ga ubansa ɗan kasuwa ne, ya sa hannu. Da ya zo kan nawa sai yatsansa ya tsaya a layin da aka ce sana'ar uba. Wanzami na rubuta, don wanzami ne.

"Kai, goge wannan ka sa manomi," in ji shi. "Ɗan wanzami da likita? Dariya za a yi mini a ofis, a ce wa na tsaya wa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Baba ba shi da gona."

"To ka zaɓa, ko ka goge ko ka ɗauki takardarka."

Raina ya ɓaci har kunnena ya yi zafi. Mutumin nan fa, Babana ne ya yi wa 'ya'yansa askin suna, kuma har yau in ya je gida Sallah, gaban Baba yake zuwa ya sunkuyar da kai. Na durƙusa kamar yadda aka koya mini, na miƙa hannu biyu na karɓi fom ɗina, na yi masa sai an jima.

Tun daga Romi har Makera abokina yake mini faɗa, wai kalma ɗaya ce za ta raba ni da jami'a. Kawu ma da ya ji sai ya riƙe baki, ya ce taurin kai irin na uwata na kwaso. Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro, don washegari Juma'a ce kuma ban san kowa ba. Mai gwaten nan tana wanki a bakin famfo tana jin mu. Ita ta ce tana da gwaggo a unguwar Nasarawa, babbar nas a asibitin gwamnati, tana kuma da hatimi.

Da sassafe ta raka ni. Nasarawa ta cika da ƙarar bas-bas da masu tura kura, mata sun baje tumatir har kan hanya. Muka tarar da gwaggon ta dawo daga aikin dare, ko farar hularta ba ta cire ba. Ta sa tabarau ta karanta sakamakon jarrabawata layi-layi, ta zo kan sana'ar uba, ita ma ta tsaya.

"Wanzami!" in ji ta. "Ka san yara nawa wanzamai suka turo mini asibiti suna zubar da jini bayan kaciya?"

Na ce, "Mama, Baba ma ya san haka. Shi ya sa ya ce in je in koyo abin da bai sani ba."

Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau, sannan ta jawo hatimi. Ta ce in na gama, aikina na farko shi ne in koya wa tsohon tafasa aska. Da gudu na kama bas na sake haye gada, na shiga layi, na miƙa fom ana saura kaɗan a rufe taga don tafiya masallaci. Akawun da ke tagar ko kallon layin sana'ar uba bai yi ba, ya ba ni 'yar takardar ranar intabiyu.

Ranar Asabar da la'asar muka iso gida. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, wanda zai tsaya maka ba lalle ne ɗan garinku ba, kuma duk mai neman tallafi ya fita da wuri, kada ya rataya ransa a kan mutum ɗaya. Ko zan samu ko ba zan samu ba, sai bayan intabiyu, amma da sunan sana'ar gidanmu zan shiga ɗakin.

Na tarar da Baba a ƙofar gida yana wasa aska, na ba shi labari duka. Ya ce, "Ai da ka goge. Ni da ba na karatun boko, ina zan sani?"

Na ce, "Baba, ni ai zan sani."

Ya jawo tabarma da ƙafa, ya ce in cire hula in zauna, ba za a ga ɗansa a gaban manya da wannan sumar ba.